Kafaɗar Tasalla

Duk wanda ya ci kasuwar Birnin Gwari a shekarun can ya san Tasalla mai zuma. Ita kaɗai ce cikin matan Gbagyi take ɗaukar kaya a ka. 'Yan'uwanta a kafaɗa suke ɗauka, ƙwarya kwance a gefen wuya, don a wurinsu kai sarkin jiki ne, ba a ɗora masa kaya. Sun yi mata tsiya har sun gaji, wai ta zama Bahaushiya da tsufa. Da sun san dalili da sun kama bakinsu.

A wani ƙauye kusa da Birnin Gwari aka haife ta, nan ta auri Andrawus mai amya. Shi ya hau bishiya ya ɗebo zuma, ita ta tace ta kai kasuwa. Mutum ne mai surutun tsiya, in bai sami abokin hira ba da ƙudan zumansa yake yi. Shekara ashirin da huɗu tana cewa ya rufa mata baki, bai taɓa rufewa ba.

Shekara biyar bayan 'yancin kai wani ƙullutu ya fito masa a kumatun hagu. Aka ce haƙori ne, aka ce sammu ne, aka sha sassaƙe. Kafin kaka bakin ya ƙi buɗuwa, sai kunu ta gefe. Gidan ya yi tsit, Tasalla ta rasa inda za ta sa kanta. Ta sa shi a motar itace suka tafi Kaduna.

Likita ya ce sankara ce, ta wuce wuƙa, amma akwai wata sabuwar dabara. Ya tsaga gaban kunnen Andrawus, ya zura siririyar roba cikin jijiyar da ke kai jini kumatun, don magani ya sauka kan ciwon kai tsaye. Kwalbar maganin kuwa da igiya aka ja ta sama, dab da rufin ɗaki, don sai da nisan nan maganin ke iya rinjayar ƙarfin jini. Wannan bayanin ba wanda ya yi wa Tasalla. Abin da nas, Sista Martha, ta ce mata kawai shi ne, "Mama, ko ana ha-maza-ha-mata kada robar nan ta fita."

Kwana tara kumburin ya fara saɓewa. Ran na goma Andrawus ya kira sunanta sarai, ta juya baya ta yi kuka. Da hantsi sai ga gungun ƙudan zuma ya sauka kan mangwaron bayan ɗaki. Andrawus ya kasa kunne.

"Tasalla, baƙi na yi. Kai ni in gaishe su."

"Maigida, robar fa?"

"Ai ba fita za ta yi ba. Ɗauko mata kwalbarta ta biyo mu."

Sista tana wani ɗaki. Tasalla ta kwance igiya, ta sauko da kwalbar a hankali, ta ɗora ta inda ta saba ɗora duk abin da take ji da shi, a kafaɗa. Hannu ɗaya riƙe da kwalba, ɗaya riƙe da miji, suka fita. Ya tsaya ƙarƙashin mangwaro yana yi wa ƙudan faɗa, wai sun zaɓi reshen banza. Ita kuwa dariya take, ba ta ga jini ya biyo roba yana hawa ba. Kafin Sista ta iso da gudu jinin ya daskare a ciki.

Aka yi ta fama, jijiyar ta toshe, ba ta sake karɓar roba ba. Likita ya ce ta kwantar da hankalinta, dama ciwon ya yi nisa, wataƙila 'yan watanni kawai maganin zai ƙara masa. Watannin nan fa su take so. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan magana ba ta taɓa sanyaya mata zuciya ba.

Suka koma gida, bakin ya sake rufewa. Bai taɓa yi mata kallon zargi ba, wannan ya fi komai ci mata rai. Ya rasu kafin a ɗebi zumar bazara.

Da ta fita takaba, ranar kasuwa ta naɗa gammo ta ɗora tulun zuma a ka. Wuyanta ya yi wata yana ciwo. Yayarta Asibi ta tare ta a hanya ta ce, "Ke Tasalla, wane irin abin kunya ne wannan? Kafaɗar taki ta karye ne?"

"Kafaɗa ba ta yi laifi ba, Yaya, abin da aka ɗora mata ta ɗauka," in ji Tasalla. "Kan nan ne bai tsaya ya yi tambaya ba. To, ya ɗauka."

Shekara goma sha tara ya yi yana ɗauka.