Ayar da Kaka Ta Cinye

A gidanmu na Ƙofar Durbi, da an sauke tuwo sai mu jikoki mu kewaye murhu. Kaka na zaune da gwangwanin aya tsakanin ƙafafunta. Takan ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata."

Tatsuniyar ɗaya ce kullum. Wata mata aljanin rijiya ya riƙe mata guga. Ya zube mata aya, ya ce ta kasa ta kashi-kashi daidai wa daida, ba ƙwaya ɗai-ɗai ba, ba kuma tuli guda ba, sannan ya saki. Nan Kaka ke tsayawa. Sai ta ajiye aya ɗaya a faifai, ta ninka ta zama biyu, huɗu, takwas, har sau bakwai. Ta ɗauki guda ta jefa baki, wai ladan mai ba da labari.

"To, ku kasa mata. Wanda ya iya, ayar tasa ce, ƙarshen labarin ma nasa ne."

Mu kasa biyu, ɗaya ta yi saura. Uku, saura ɗaya. Biyar, saura biyu. Ni ce mai naci, har hayaƙi ya sa ni hawaye.

"Mi ya faru, ja'ira? Kai kamar tulu, ciki ba ruwa!" Ta kwashe ayarta.

Wasa take yi, amma ni na ɗauka. Na girma da yaƙinin ba ni da kan lissafi. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da 'ya'ya huɗu, karatu ya zauna, rubutu ya zauna, amma ranar rabawa sai in ce ciwon kai nake. Sau biyu ina gudun jarrabawa saboda haka.

Bara ɗiyata Hadiza, mai karatun lissafi a jami'a, ta nuna mini wata lamba a waya, doguwa kamar layin awo. Ta ce ba abin da ke raba ta sai ɗaya ko ita kanta, kuma irinta daraja gare su. Ga yadda ake samo su: a yi ta ninka biyu, a cire ɗaya.

Na ajiye muciya. "A cire ɗaya?"

Na ba ta labarin. Ta ƙirga a yatsu, ta fashe da dariya. "Inna, ɗari da ashirin da bakwai ke nan! Ko malaminmu ba zai kasa ta ba. Da ba ta ci ɗayar nan ba, kashi biyu kawai za ku yi."

Ban yi dariya ba. Shekara arba'in! Ashe tsohuwar nan ta sani sarai, dabara ce ta zaunar da jikoki tara ba tare da ta yi asarar ayarta ba. Allah ya jiƙanki, Kaka, amma kin cuce ni.

Na sake ba da sunana a jarrabawar bana. Rabawa na koya tun ina shekara bakwai, a kan abin da ba ya rabuwa.