Ƙulli Biyu a Gwangwanin Inna Sabuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, ashirin da biyu ga watan Mayu na shekarar 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Sabuwa Mahmud, wadda mu mutanen layinta a unguwar Dar Salam ta Omdurman muke kira Inna Sabuwa. Cutar amai da gudawar nan da ta shigo gari ce ta zama ajalinta, kwana ɗaya da wuni kawai ta yi a kwance. Ta rasu tana da shekara saba'in da 'yan kai. Ni Ruƙayya, maƙwabciyarta da muke katanga ɗaya shekara goma sha tara, ni ce na rubuta wannan, kuma da ita zan yi magana, domin akwai abin da ban samu na faɗa mata ba.

Inna, duk wanda ya san ki da girki ya san ki. Kakanninmu tuwo da miyar kuka suka taho da su daga Najeriya a hanyarsu ta aikin Hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Mu jikokinsu muka ƙara da kisra da asida irin na mutanen nan. Ke kaɗai ce a duk layin mai girkin Afganistan, ƙasar da ba ki taɓa takawa ba. Kin sha ba ni labarin yadda aka yi. Kina ƙuruciya kika yi shekara goma sha ɗaya a Madina kina aiki a gidan wata tsohuwa 'yar gudun hijira, Bibi Zarmina, wadda yaƙi ya koro daga ƙasarsu. Ba ki jin yarenta, ita kuma Larabcinta bai wuce na cefane ba, sai tukunya ta zama tafintarku. Kika dawo Omdurman da tukunyar da ta ba ki da kuma hannun da ta koya miki.

Wa zai manta da palau ɗinki? Shinkafa mai dogon ƙwaya da kike jiƙawa tun safe, da naman rago, da karas da kike yankawa siri-siri kamar ashana, da zabibi. In kin haɗa, sai ki naɗe murfi da tsumma mai tsabta, ki rufe, ki ɗora garwashi a kai, ki ce tukunya ta shiga dam, wato ta shiga turara, ba mai taɓa ta sai lokacinta ya yi. Ni kuwa Allah Ya yi ni da gaggawa. Ranar sunan ɗiyata na leƙa na ɗaga murfin don in gani ko ta nuna, kika make mini hannu da ludayi a gaban baƙi, kika ce, "Ya bitti, 'yata, wanda bai iya jira ba bai iya girki ba." Na yi fushi kwana biyu, a na uku kika miƙo mini kwanon mantu ta kan katanga, wato 'yan ƙunshin fulawar nan masu nama a ciki, fushin ya bi ruwa.

Amma ba palau ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Halwa ce. Ba irin alewar da yara ke tsotsa ba ce: fulawa ce ake soyawa a mai har ta yi ja, a zuba ruwan sukari da 'ya'yan ƙamshin nan da ake kira habbahan, a yi ta tuƙawa. Bibi Zarmina ta koya miki cewa a ƙasarsu wannan abincin mamata ne, ana yin sa a raba sadaka don ladan ya kai ga wanda ya tafi. Kafin yaƙi, duk Alhamis bayan La'asar kina yi wa marigayi mijinki da ita Bibin. Na tuna ranar da Malam Abubakar Sadiƙ, limaminmu, ya tsaya a ƙofarki yana cewa bai ga wannan al'ada a littafi ba. Kika ce masa, "Malam, sadaka ce. Ka ci, ka yi musu addu'a, in akwai laifi a wuyana." Ya ci, ya yi addu'a, kuma tun daga ranar hanyarsa ta zuwa masallaci ranar Alhamis ta koma ta ƙofarki.

Sai aka wayi gari wata Asabar cikin azumi, a watan Afrilun 2023, da ƙarar bindigogi daga wajen Khartoum. Muka ce kwana biyu ne. Ke kaɗai kika tashi kika fara ɗaure fulawa da sukari a leda kina ɓoyewa, muna yi miki dariya. Kika ce Bibi ma kwana biyu aka ce musu, kuma a Madina aka binne ta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

A wata na biyu na yaƙin mijina Muzammil ya ce zai tsallaka kogi zuwa unguwar Alshajara ya kwaso kayan aikinsa na walda daga garejin da yake aiki, kafin a wawashe. Na hana shi, ya ce ba zai wuce Azahar ba. Har yau da nake wannan rubutu, shekara biyu ke nan, ban sake ganinsa ba, ban kuma ji wanda ya gan shi ba, a raye ko a mace.

Daga nan layinmu ya zama wani abu dabam. Waya ta ɗauke, kasuwa ta mutu, masu bindiga suna yawo a mota, taron mutum biyar ma abin tsoro ne, balle zaman makoki. Kika daina halwar Alhamis don fulawa ta yi wuya, kika ce daga yanzu sai in an yi rasuwa. Masu kawo labarin mutuwa kuma, da yake ba su da ƙarfin halin fuskantar iyalan mamaci, sai suka riƙa biyowa ta gidanki su sauke nauyin a kanki. Ke kuma ba ki zuwa ƙofar kowa hannu rabbana. Sai kin hura gawayi, kin soya halwa ko da cikin ƙaramin kwano ce, sannan ki yafa mayafi ki ɗauka ki fita.

Haka ƙamshin da a da yake tara mana yawu ya zama abin da yake tsinka mana zuciya. Da zarar ƙamshin soyayyar fulawa ya bi iska, sai layin ya yi tsit. Mata su shige ɗaki, kowacce ta kasa kunne tana sauraren takun silifas ɗinki, tana roƙon Allah Ya sa ki wuce ƙofarta. Ni da nake jikin katangarki ni ke fara shaƙa. Nakan tsaya a bayan ƙyaure, hannuna a kan sakata, ina jin kin buɗe ƙofarki, ina jin taku ɗaya, biyu, uku. In kika wuce, sai in zube a ƙasa in yi hamdala. Allah Ya yafe mini, Inna, sau goma sha huɗu na yi hamdala a kan mutuwar ɗan wata ko mijin wata. Na tsani wannan ƙamshi, kuma akwai ranakun da na tsane ki tare da shi, ke da ba ki yi mini komai ba sai alheri.

Dangin Muzammil sun matsa mini in haƙura, a yi masa salla daga nesa, a yi sadaka, in shiga takaba. Har wurinki suka zo suka ce ki soya masa halwa a wuce wurin. Kika ce musu, "Wa ya ga gawarsa? Wa zai dafa Alƙur'ani ya ce ya gani? Ni ba na soya wa mai rai. Kalas, magana ta ƙare." Suka tafi suna gunaguni. Wannan kalmar taki ita ce igiyar da na riƙe shekara biyu. Na sa wa raina cewa muddin tukunyarki ba ta hau wuta dominsa ba, to Muzammil yana nan wani wuri yana numfashi.

Saura wata guda ki rasu, wata Talata da rana tsaka, ƙamshin ya taso. Na tsaya a bayan ƙyaure yadda na saba. Ban ji ƙofarki ta buɗe ba. Na jira, na jira, sai na ji muryarki ta kan katanga: "Ruƙayya, zo."

Ban san yadda na isa tsakar gidanki ba, ko takalmi babu a ƙafata. Na same ki a gaban murhu kina tuƙi. Na ce, "Inna, faɗa mini kawai. A ina aka same shi?"

Kika ɗago kika dube ni, kika ce, "Babu labari, ya bitti. Ba wanda ya mutu. Karɓi ludayin nan."

Abin da na faɗa miki a ranar, kunya ba za ta bar ni in rubuta shi duka ba. Na ce ba ki da imani, na ce kin mayar da zukatanmu abin wasa, na ce tsufa ya fara taɓa miki hankali da za ki ƙona fulawa a banza alhali yara na kwana da yunwa. Kika bar ni na gama, sannan kika miƙo hannuwanki biyu kika nuna mini yadda suke rawa. Kika ce, "Na yi wa mutum goma sha huɗu a layin nan. Ni wa zai yi mini? Ɗiyata Suhaila tana can garin Bahri, ko shayi ba ta iya ba. Tsaya nan ki koya."

Na karɓi ludayin ina huci. Kika koya mini a rage wuta, kada a ɗauke hannu ko na ƙiftawar ido, a jira har fulawar ta yi kalar dabino. Kika ce in ja baya lokacin zuba ruwan sukari saboda tururi, in ci gaba da tuƙi har ta saki jikin tukunya da kanta, sannan a rufe da tsumma a bar ta ta huta. Da muka gama kika raba wa yaran layi, kika bi gida-gida kina ba mata haƙurin firgitar da kika yi musu. Ni kuwa na koma gida ban ce miki na gode ba, ban kuma ba ki haƙuri ba. Na ce sai na huce. Ina ganin akwai lokaci.

Harbe-harbe suka lafa a wajenmu, mutane suka fara cewa an ga bayan wahala. Ashe ta ruwa za ta biyo. Famfo ya daɗe da ƙafewa, kowa na sayen ruwan da ake kawowa a kan amalanken jaki, ba mai tambayar daga ina aka ɗebo. Ranar Laraba da safe kika fara amai. Kafin Azahar idanunki sun faɗa, muka ɗauke ki zuwa tantin da ake kwantar da masu cutar, aka hana mu shiga. Ta bayan shinge na hango ki karo na ƙarshe. Ko wankan gawarki ba a bar mu mun yi ba, ke da kika rufa wa mamatan layi asiri.

Da ɗiyarki Suhaila ta iso daga Bahri, sai ta shigo wurina da wani tsohon gwangwanin madara, ta ce tun watan jiya kika aika mata cewa in ta Allah ta kasance, a ba Ruƙayya wannan. Na buɗe. Kwalbar mai ce a ciki, an ɗaura mata zare daidai tsakiya. Sai ƙulli biyu, kowanne da fulawarsa da sukarinsa da 'ya'yan habbahan bakwai, an auna su daidai wa daida. Na gane ɗaya naki ne, sai na tambayi Suhaila ko kin faɗi wani abu game da na biyun. Ta ce ba ki ce komai ba.

Na daɗe zaune da gwangwanin a cinyata. Na san ba ki ɓoye labari, ba halinki ba ne, da kin ji wani abu game da Muzammil da kin ƙwanƙwasa ƙofata da kwano a hannu. Amma na kuma san ke ce kika fara ɗaure fulawa tun muna dariya.

Ranar sadakar uku na hura gawayi a tsakar gidanki, a tukunyar Bibi Zarmina, na kwance ƙulli ɗaya, na zuba mai har ya sauka daidai zaren. Ƙamshin ya bi layi, kuma a karon farko cikin shekara biyu ba wadda ta gudu ɗaki, don kowa ya riga ya san ta wace ce. Halwar ta ɗan kama a ƙasa, Inna, gaggawar nan tawa ba ta bar ni ba. Malam Abubakar Sadiƙ ya karɓi tasa, ya ɗaga hannu ya yi miki addu'a.

Ki yafe mini maganganun ranar Talata. Na gode, Inna. Ga shi na faɗa, a lokacin da ba ki ji.

A madadin matan layinmu ina miƙa ta'aziyya ga Suhaila da 'ya'yanta, da ɗanki Badaru da ke Jidda wanda bai samu ganin ki ba tun kafin yaƙi, da sauran dangi na Omdurman da Bahri da duk inda gudu ya watsa su. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya sa albarkarta ta bi ku. Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Sabuwa, Ka gafarta mata, Ka karɓi shahadarta, Ka yalwata kabarinta, Ka sanya duk lomar da ta ciyar a mizaninta, Ka haɗa ta da mijinta da Bibi Zarmina a Aljannar Firdausi. Ka kawo mana ƙarshen wannan yaƙi da wannan cuta, Ka mayar da waɗanda suka ɓata gidajensu.

Gwangwanin yana kan kantar ɗakina, da rabin kwalbar mai da ƙulli ɗaya. Yanzu ni ce mai tukunya a layin, kuma duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata sai na dubi fuskarsa kafin in amsa sallama. Ya Allah, ban taɓa roƙon abinci ya lalace ba sai yau. Ka sa ƙwari su cinye fulawar nan, man ya yi ɗoyi a kwalbarsa, kafin in buƙace su. Amin.

Ruƙayya Abdu
Dar Salam, Omdurman