Yaya Mai Walda da Agogon Gudunsa

A gyara zama, ga Yaya mai walda, sarkin gudun asuba na layin nan! Tun da ya sayi agogo mai auna nisa da sauri, ko banɗaki zai je sai ya danna shi.

Ran nan ƙaninsa, da ke fama da targaɗe a ƙafa, ya sauko daga bas a ƙofar shagon, sai ya tuna wayarsa na kan kujera. Ga bas can tana jan ciki cikin cunkoso.

"Yaya, don Allah bi ta!"

Yaya ya ɗaga hannu, ya ƙura wa agogo ido har bas ta sha kwana.

"Haba Yaya! Jiran me kake?"

"Bai kama sabis ba. So kake in yi gudun da agogo bai auna ba?"