Kirarin da Ban Faɗa Miki Ba

Iya, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Mama. Na iya kirarin gidanmu gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe. Na daɗe da iyawa. Ke da kika koya min, kin tafi ba ki sani ba.

Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. Kakata, Alhaja Wulemotu Asake Sobande, ta rasu ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, bayan la'asar, a ɗakinta da ke gidanmu a Agege, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Washegari aka kai ta Abeokuta, aka binne ta kusa da mijinta. Ni ce Simbi, 'yar ɗanta Lasisi. An ce kowane jika ya rubuta wani abu da za a buga don addu'ar arba'in. Ban iya magana a gaban mutane ba, amma rubutu ba ya kallon mutum, shi ya sa na karɓa.

Iya, ina aji biyar a firamare sabon jirgin ƙasa ya fara zuwa Badun ta Abeokuta. Kin ce motocin haya sun gama karya miki ƙugu, yanzu Allah ya kawo miki sauƙi. Da kika ce ni za ki ɗauka, Mama ta yi mamaki.

"Iya, ki tafi da 'yar'uwarta Bisola mana. Wannan ko kin faɗi a hanya ba za ta iya kiran mutane ba."

"Bisola rariya ce," kika ce. "Tulun da ba ya yoyo nake nema. Ke Kunkuru, sa takalminki."

Kunkuru kike ce min, wai da an kalle ni sai in mayar da kai ciki. Tun daga ranar, duk Asabar ɗin da jikinki ya yarda, sai mu kama jirgin safe. Kina riƙe da mayafi biyu saboda sanyin tarago, ɗaya naki, ɗaya nawa, amma ban taɓa ganin kin sauka da naki a kafaɗa ba. Kullum akwai wata mai goyo ko wani tsoho da ke rawar ɗari, sai kin lulluɓe shi tukuna.

Taragon cike yake da 'yan Legas masu zuwa hutun ƙarshen mako, kowa da waya a hannu, kowa dutsen Olumo na Abeokuta zai hau. Wata mata ta taɓa tambayar ki ko mu ma can za mu.

"Da waɗannan gwiwoyin, 'yata? Dutsen nan ya gaji da ganin mutane. Mu wajen waɗanda ba a gaisarwa za mu."

Sau da yawa na je Abeokuta tare da ke, ban taɓa hawa Olumo ba. Daga nesa nake hango shi, ta saman rufin kwano masu tsatsa. A lokacin abin yana min ciwo, don ranar Litinin 'yan ajinmu sukan tambaye ni hoto, ni kuwa ba ni da abin nunawa. Me zan nuna? Wurin da kika fara kai ni rijiya ce. Ɗan acaɓa ya sauke mu a bakin wani lungu, muka bi ta bayan gidajen masu rini, ruwan shuni yana gudu a kwata, har muka iso wani ɗan fili da awaki ke kwance. Rijiya ce ƙarama, an rufe ta da tsohon kwano. Kika ɗaga murfin, kika ce in leƙa. Na ga fuskata a can ƙasa. Sai kika dafa kaina, muryarki ta canza, kika ce: "'Yar mai rijiya a bayan dutse, wanda ya haƙa don kansa, unguwa ta riga shi sha."

A nan kika gaya min cewa haka uwar mijinki ta koya miki lokacin kina amarya, da ƙafa, wuri bayan wuri. Ba a koyon kirarin gidan Sobande a zaune. Kowane baiti yana da wurinsa, kuma ba a ba mutum baiti sai ya tsaya a inda abin ya faru. Kika ce in maimaita. Akwai mata biyu suna wanki kusa da mu. Na sunkuyar da kai.

"To, Kunkuru ya shige. Babu komai, mu je mu ci tuwon amala."

Ba ki taɓa yi min faɗa a kan haka ba, ko sau ɗaya.

Wata Asabar kika kai ni bakin kogin Ogun, ta wata gangara da masu ɗiban yashi kaɗai ke bi. Takalminki ya nutse a laka, kika cire shi kika riƙe a hannu kina dariya. A nan na karɓi baitin kakanmu da ya ba baƙo kwalekwalensa, shi ya haye da ƙirji. Kin kai ni wani tsohon masallaci da bai fi ɗakin girki ba, kin kai ni kangon da aka haifi kakana, inda gwanda ta tsiro a tsakar ɗaki. Duk inda muka je akwai wata tsohuwa ko wani tsoho da ya san ki. Ba kya zuwa hannu rabbana. Sabulu, goro, man zafi na ciwon gwiwa, wani lokaci alalar da kika ce tamu ce ta hanya. Sai mu dawo Agege da yunwa, kina cewa ladan ya fi alalar daɗi, ni kuma cikina yana cewa bai yarda ba.

Tafiyar Badun ce ba zan manta ba. Daga tasha muka sha doguwar tafiya a tasi, sannan muka ratsa kasuwar Oje da ƙafa. Tun a jirgi kike ba ni labarin wata babbar bishiya, wadda mutum biyar ba sa zagaye ta da hannu. Da muka isa, kututture kawai muka tarar. Wani mai faci ya jera tayoyi a kai. Kin daɗe a tsaye. Mai facin ya ce, "Mama, lafiya? Ko wani abu kika yar?" Kika ce, "Ɗana, ɗan matsar min da tayar nan." Ya matsar. Kika sa tafin hannuna a kan itacen, kika ce: "Jikar wanda ya je Badun sayen doki, ya dawo a ƙasa da marainiya a wuya." A gindin bishiyar kakan namu ya tsince ta, kuɗin dokin ya zama abincinta, kuma daga cikinta muka fito. Ranar ba ki ce in maimaita ba. A jirgin yamma kin jingina kai da taga, kina kallon daji yana wucewa, kika ce a hankali, "Wuraren ma mutuwa suke yi." Da na buɗe baki a lokacin, babu wanda zai ji sai ke. Kalmomin suna kan harshena. Na bari sai wani jiƙon.

Da ciwo ya kwantar da ke, ɗakinki bai taɓa rabuwa da mutane ba. 'Yan ƙungiyarku ta masallaci, matan kasuwa, dangi daga Abeokuta. Wata rana na kawo miki koko, kika kama hannuna.

"Kunkuru, ko baiti ɗaya. In ji ko tulun nan ya riƙe ruwa."

Matan suka juyo suna kallona. Na ce a raina zan dawo idan sun watse. Kika saki hannuna, kika yi murmushi, kika ce musu, "Ku bar ta, kunya gado ce, wajen kakanta ta ɗauko." Da suka watse barci ya ɗauke ki. Bayan nan bakinki ya yi nauyi, idonki ya daina gane mu. Na faɗa miki shi duka a kunne ranar Talata, amma Allah ne kaɗai ya san ko kin ji.

Ranar addu'ar takwas, bayan malamai sun tashi, an kawo mai kirari da masu kalangu. Muryarta tana da daɗi. Ta fara da na Egba, mutanen Abeokuta, wanda kowa ya sani, sai ta shiga na wani gida daban, ta haɗa da sunanmu. Ba laifinta ba ne, ba ta taɓa leƙa rijiyar ba. Gwaggo Mulikatu, yayar Baba, ta ɗaga hannu ta tsayar da kiɗa.

"Baiwar Allah, wannan rigar ba tamu ba ce. Lasisi, kai ba ka riƙe ba?"

"Yaya, ni dai ji nake yi, ban taɓa tunanin za a nema a wurina ba."

"To shi ke nan. Mun binne biyu ke nan."

Ina zaune a bayanta da faranti a cinya. Na sunkuyar da kai ina kallon farantin.

Iya, ga abin da ban lura da shi ba sai da kika tafi. Kullum da safe, kafin Baba ya fita aiki, yakan zo ƙofar ɗakinki ya kwanta rub-da-ciki ya gaishe ki, mutum mai furfura a gemu, ke kuma ki yi masa kirari daga kan gado har sai ya tashi yana dariya. Yanzu ma yakan zo ƙofar. Ya tsaya da makullin mota a hannu, ya ɗan jima, ya juya ya fita. Baba ba ya kuka a gaban mutane. Wannan tsayuwar ita ce kukansa.

Allah ya jiƙan ki, Iya. Allah ya yafe miki, ya yalwata kabarinki, ya sanyaya miki shi kamar yadda kika lulluɓe bayinSa a hanya. Allah ya sa ladan kowane goro da kowane sabulu ya riga ki isa. Ya haɗa ki da mijinki da uwar mijinki a Aljanna Firdausi. Ina yi wa Baba ta'aziyya, da Gwaggo Mulikatu, da Mama, da Bisola da sauran jikoki, da dukan gidan Sobande na Legas da Abeokuta, da tsofaffin lungunan da za su yi ta duban hanya ranar Asabar. Allah ya ba mu haƙuri. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.

Na san babba ne yake yi wa ƙarami kirari. Amma babbar ta tafi, kuma a wurina ta bar shi. Gobe da safe zan riga Baba zuwa ƙofar ɗakinki. Zan durƙusa in gaishe shi, sannan in fara daga rijiya. Muryata ƙarama ce, na san za ta yi rawa. Sai dai ya matso kusa.