Shekarar da Albasa Ta Rame a Hannun Baba

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Illela, ina aji huɗu na firamare, na ɗauko wa Baba furarsa zuwa bakin rudu, wato rumfunan kara da ake ajiye albasa a ciki. Tun daga nesa na hango maza sun yi masa zobe, shi kuwa yana tsaye da hula a hannu. Muryar Alhaji Dodo dillali ce ta fi ta kowa tashi: "Malam Bube, ina sauran? Albasa dai ba ta da ƙahwa!" Na ajiye kwanon a ƙasa, ban san lokacin da ya kife ba.

A shekarar ce manoman unguwarmu masu noman rani a fadamar Kalmalo suka fara haɗa albasarsu wuri guda, a jira ta yi tsada da damina in 'yan Konni sun ƙetaro saye. Baba suka damƙa wa tsaro saboda amanarsa. Mu yara muka samu aiki: daga makaranta sai rudu, mu juya albasa ta sha iska, mu tsince ruɓaɓɓu, in Baba ya juya baya mu ɓuge da carafke. Warin ya kama mana kaya har Inna ta gaji da wanki. To, da aka tashi mayar da ita buhuna, sai aka tarar ta yi ƙasa sosai da abin da aka zuba. Kowa ya san albasa na ramewa, amma a gida kaɗan-kaɗan ake ɗiba, ba wanda ya taɓa aunawa. Nan take aka ce Baba ne ya sayar a ɓoye.

Kai, mun ga rayuwa a makon nan! A makaranta Hassi ta kira ni ɗiyar ɓarawon albasa, ni kuwa da ma ba haƙuri gare ni ba, na yaga mata hijabi, na sha bulala ban yi nadama ba. Baba ya daina cin abinci, tuwonsa yadda aka kai haka ake dawo da shi. Ana ta maganar alƙali. Ya ce wa Inna ta fara ɗaure kwanoni, gara mu koma Araba wurin wansa da ya zauna inda ake nuna shi da baki. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ban san wani gari ba sai Illela.

Ran Juma'a maƙwabcinmu Malam Sahabi ya dawo hutun mako. Akanta ne a Sakkwato, siriri, mai biro uku a aljihu, mu yara mun ɗauka aikinsa ke nan, ɗaukar biro. A masallaci ya ji labari, ba wanda ya kira shi. Da safe ya tara mutane, bai ce Baba na da gaskiya ba, bai ce ba shi da ita ba. Sai ya juya ga Alhaji Dodo ya tambaye shi: "Alhaji, kai ma ka aje taka gida ko? Buhu nawa?" Alhaji ya bugi ƙirji: "Ashirin cif, makulli na aljihuna, ko ɗiyana ba su shiga." Malam Sahabi ya ce to a je a mayar da ita buhuna a gaban kowa. Muka ɗunguma, har da mu da ba a gayyata ba. Aka yi ta cikawa, a na goma sha huɗu albasa ta ƙare. Sai wani tsoho ya ce, "To Alhaji, kai kuma wa yas sace ma?" Dariya ta ɓarke.

Malam Sahabi bai yi dariya ba. Ya ɗauki gawayi ya buga lissafin a bango, ya nuna cewa ramar da albasa ta yi a hannun Baba ba ta ma kai ta Alhaji ba, saboda juyawar da muke yi. Alhaji ya kama hannun Baba ya roƙi gafara. Aka kawo wa akanta buhun albasa tukuici, ya ƙi karɓa, ya ce za ta rame kafin ya isa Sakkwato. Daga nan Asabar ɗinsa ta zama ta unguwa: ya koya wa manoma awo ranar zubawa da ranar kwashewa, ya zauna da mata masu adashe, duk ba ko sisi. Da yammacin ranar da aka wanke Baba, Inna ta kwance kwanoninta, Baba ya cinye tuwonsa tas, ya miƙo mini kwano ya ce, "Ce ma innarki ta ƙaro." Na ruga ina kuka ina dariya.

Yau akwai sikeli a kasuwa, yara na buga lissafi a waya kafin ka rufe baki, gine-gine sun cinye filin rudu. Baba da Malam Sahabi duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Masu ilimin sun ƙaru, sai dai ban cika ganin mai kawo nasa bakin bango ba a kira shi ba. Har yau in albasa ta rame mini a kwando, Baba nake gani yana miƙo kwano.