Kunnen Hagun Kawu

Jiya ina kwashe tarkace a ɗakin marigayi Kawu a Basirka, sai ga igiyar da yake naɗe hannun dambe da ita, har yanzu tana warin gumi. Na zauna riƙe da ita.

Bayan yaƙin basasa wani soja ya dawo da damben bariki, na hannu biyu da shuri, yana raina namu. Ni na zuga Kawu, lokacin ina sabon malamin makaranta mai rawar kai.

Ranar kasuwa suka kara. Naushi ɗaya, gwiwar sojan ta taɓa ƙasa. A wurinmu dambe ya ƙare ke nan, don haka Kawu ya juya baya yana ɗaga wa makaɗa hannu. Ashe a nasu ana tashi a ci gaba. Sojan ya miƙe ya zabga masa naushi a kunnen hagu.

Kunnen bai sake ji ba. In na yi magana ta wannan ɓangaren, sai ya yi murmushi ya ce, "Zagayo, Malam, wannan na soja ne."

Har ya rasu ina zagayawa, ban taɓa cewa ya yafe mini ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya isar masa da abin da na kasa faɗa a kunnen da ke ji.