Yatsun Makauniya a Fuskar Maigidana

Ba zan taɓa manta ranar ba. Muna unguwar Hindawiyya a Makka, ɗana na fari yana wata huɗu, ni kuwa abinci ya daina wuce mini.

Maigidana bai san iyayensa ba. A shekarar yunwa aka tsince shi a hanya, wani ayari ya goya shi har Sudan. A can Babana ya ba shi ni ne don zanen fuskarsu iri ɗaya ne, ya ce ai ɗan garinmu ne. Sai da innata ta zo cikawa ta raɗa mini cewa su ma a yunwar nan sun bar yaro a gindin wata kuka, don ba su da abin da za su ba shi. Tun ranar, in na dubi kumatun mijina sai gabana ya faɗi. In yayana ne fa? Ban gaya wa kowa ba.

Da aikin hajji ya zo, aka sauke wata tsohuwa makauniya 'yar garinsu Baba a gidanmu. Da tsakar rana maigida ya shigo da garwar ruwa, ya yi sallama. Ta ce, "Matso, ɗan nan." Ta ɗora yatsu a fuskarsa tana bin zanen ɗaya-ɗaya. A kuncin hagu ta tsaya.

"Nan askar ta goce," in ji ta. "Wanzamin hannunsa na rawa, kwanansa biyu bai ci ba. Ni na riƙe ka."

Ya yi dariyar dole. "Haba Iya, wallahi tsorata ni kike yi."

Ta kira sunan uwarsa, da kakarsa, da uwar kakar, a hankali, kamar suna zaune cikin ɗakin. Ba innata a ciki. Na zauna a ƙasa.

Ban yi tambaya ba, amma ta juyo daidai inda nake. "Yara biyu aka ajiye a gindin kukar. Ɗayan, naku, kafin ayarin ya iso ya riga ya daina kuka."

Ranar na samu mijina, ranar na yi zaman makokin yayan da ban taɓa gani ba.

Na gane shirun iyaye kan faɗo ne a kan 'ya'ya. Don Allah, in kuna da tsoho a gida, ku tambaye shi sunayen mutanenku yau, har da waɗanda aka bari a hanya.